Kafin A Zargi Makirufo, A Duba Yadda Aka Haɗa Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani ƙaramin abu da ya shafi sana'ata ta gyaran rediyo da amfilifaya, wanda kuma ya shafi duk mai sauraron karatu, wa'azi ko hira da aka naɗa a garuruwanmu. Matasa da yawa a Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yawuri sun rungumi naɗar sauti da wayar hannu, suna ɗora tafsiri da hirarraki da tallan haja a intanet, amma sau da yawa hoton yakan fito tangaram, muryar kuwa tana can nesa cikin iska da gurnani. Idan ka tambayi mai aikin, zai ce ba shi da kuɗin sayen makirufo mai tsada. Ban gamsu da wannan amsa ba, domin ƙwayar da ke cikin yawancin makirufon maƙalawa a riga da ake sayarwa a kanti, irinta ce ke cikin tsofaffin rakodoji da iyafis da muke jefarwa a bola, kuma mafi yawan bambancin da kunne ke ji yana zuwa ne daga yadda aka ba ta wuta, da irin wayar da aka yi mata, da inda aka ajiye ta.

Ƙwayar da nake nufi ita ce ilektiret, 'yar gwangwanin alminiyam mai faɗin milimita 6 ko kusan 10, gabanta rufe da baƙin ƙyalle, bayanta da ɗigon dalma biyu. Injiniyoyi biyu ne suka ƙirƙiro ta a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a 1962, wato James West, baƙar fata ɗan jihar Bajiniya, da Gerhard Sessler, Bajamushe, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin Japan suka shiga ƙera ta da yawa har ta zama ita ce ke cikin rakoda, tarho da na'urar taimaka wa ji. A cikinta akwai wata siririyar leda da aka ɗaure tamau kamar fatar kalangu, tana fuskantar farantin ƙarfe da 'yar rata tsakaninsu, an kuma daskarar da cajin lantarki na dindindin a jikin ɗayansu tun daga masana'anta. Sauti yana kaɗa ledar, ratar tana raguwa tana ƙaruwa, sai a samu lantarki mai hawa da sauka daidai da muryar mai magana. To amma wannan lantarkin ba shi da ƙarfin bin waya, shi ya sa aka dasa ɗan taransisto nau'in FET a cikin gwangwanin domin ya karɓe shi ya miƙa waje. Wannan taransiston ne ke bukatar wuta, kuma rashin sanin haka shi ne tushen mafi yawan ƙorafin da ake kawo mana shago.

Makirufon hannu da muka saba gani a masallatai da wuraren ɗaurin aure yana da maganaɗisu da naɗin waya a ciki, shi ke haifar da lantarkinsa da kansa, ba ya neman batir. Saboda haka ramin makirufo na amfilifayar masallaci ba ya fitar da wuta ko kaɗan. Yaro zai ciro ƙwaya lafiyayya, ya liƙa mata waya, ya soka a amfilifaya, ya ji shiru, ya yanke hukuncin cewa ta mutu, alhali abin da ta rasa bai wuce batir da resisto ɗaya da kafasita ɗaya ba.

Haɗin ba shi da wuya. Da farko a juya ƙwayar a dubi bayanta da kyau: ɗaya daga cikin ɗigon dalmar yana da siraran layuka da suka tafi suka haɗu da gefen gwangwanin, wannan shi ne nagatif, ɗayan da ke zaman kansa shi ke karɓar wuta, kuma ta nan sautin ke fita. Idan ido ya kasa rarrabewa, mita, wato na'urar auna lantarki, za ta raba gardama, domin za ta nuna wanda ke haɗe da jikin gwangwanin. Daga fozitif na batir a ɗauko resisto zuwa ɗigon da ke zaman kansa, daga wannan ɗigon kuma a ɗauki kafasita zuwa wayar da za ta shiga amfilifaya, sannan a tara nagatif na batir da na ƙwayar da na amfilifayar wuri guda. Da batir mai bolt 3, resisto mai kilo-om 2.2 ya wadatar, kuma shi ne takardun masana'antu suka fi ambata; da mai bolt 9 sai a ɗaga zuwa 6.8 ko 10. Kafasita mai maikrofarad 1 zuwa 10 ta isa, ƙafarta ta fozitif tana kallon ƙwayar, aikinta kuwa shi ne ta tare wutar batir kada ta shiga amfilifaya, ta bar sauti kaɗai ya wuce. Bayan an gama a auna wutar da ke kan ɗigon: ya kamata ta sauka ƙasa da ta batir amma kada ta kai sifili. Idan ta yi daidai da ta batir, ƙwayar ba ta jan komai. Idan ta faɗi kusa da sifili, ko dai dalma ta haɗe ɗigon biyu ko resiston ya yi girma. Wanda zai naɗi magana kawai a kusa da janareta yana iya rage kafasitar zuwa maikrofarad 0.1, domin hakan yana danne ƙugi mai kauri.

Ƙwayar ba ta jan fiye da rabin miliamfa, don haka batir mai bolt 9 yana kai ta ɗaruruwan sa'o'i, tsohon batirin Nokia mai bolt 3.7 kuwa ya dace da ita ƙwarai saboda wutarsa ba ta da datti kuma ana iya sake cajinsa. Abin da zan hana shi ne a ɗauko mata wuta daga cajar waya, domin ƙarar da caja ke yi tana bin resiston ta shiga cikin sautin kai tsaye. Fawa-bank ma ba ta dace ba, saboda da yawa daga cikinsu suna kashe kansu idan abin da aka jona bai ja wuta sosai ba. Batirin sola ko na babur mai bolt 12 kuma ya haura bolt 10 da aka ƙayyade wa yawancin ƙwayoyin, sai an rage shi kafin ya isa gare ta.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen liƙi. Masu ƙera ƙwayar suna gargaɗin kada ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa 2 zuwa 3 a kan ɗigon, saboda zafi yana ratsa gwangwanin ya sassauta ledar, ya kuma zubar da cajin da aka daskarar, wanda ba mai iya mayar da shi a shago. Mu kuwa a nan, idan an ɗauke wuta, da yawanmu kan risho ko garwashi muke ɗora ƙarfen, kuma babu wanda ya san iya zafin da ya ɗauka. Abin takaicin shi ne ƙwayar da ta ƙone ba ta cika mutuwa gaba ɗaya ba. Muryarta ce ke raguwa, sai mai aikin ya ƙara murɗa amfilifaya, huci, wato ƙarar 'sss' da ke bayan murya, ya taso, ya ɗora laifin a kan amfilifayar ko a kan wanda ya sayar masa da kayan. Hanyar kauce wa wannan ita ce a fara shafa wa bakin wayar dalma ita kaɗai, a kama ƙwayar da filaya da aka ɗaure hannunta da roba, ko a zaunar da ita cikin ramin da aka huda a guntun alminiyam domin ƙarfen ya shanye zafin, sannan a ɗora wayar a taɓa a ɗage. A bari ta huce kafin a je ɗigo na biyu. Kada a kusanto da gam mai saurin kamawa zuwa gabanta, domin tururinsa yana sauka kan ledar, kada kuma a soka allura a ramin da sunan fitar da ƙura. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har tufafi ke tartsatsi, yana da kyau mutum ya taɓa wani ƙarfe kafin ya ɗauki ƙwayar, da bazara kuma kada a bar ta a gaban mota a rufe cikin rana.

Wanda zai yi aiki da wayar hannu ba ya bukatar batir ko resisto, domin wayar da kanta tana turo kimanin bolt 2 ta cikin ramin iyafis. Matsalarsa tana ga filogi. Filogin milimita 3.5 mai gaɓa huɗu yana da tsari biyu: a tsarin CTIA, wanda kusan duk wayoyin yanzu ke bi, gaɓar ƙarshe da ke kusa da roba ita ce ta makirufo, wadda ke gabanta kuma nagatif, a tsarin OMTP na tsofaffin Nokia an juya waɗannan biyun. Kyamarori da ƙananan rakodoji kuwa filogi mai gaɓa uku suke karɓa, shi ya sa makirufon da ya yi aiki a waya yake yin shiru a kyamara har a zaci ya lalace. Mafi sauƙi shi ne a yanko wayar tsohuwar iyafis da filoginta, a gano zaren makirufo da mita, a kuma tuna cewa waɗannan siraran zare an shafe su da fenti mai hana lantarki wucewa, wanda sai an tsoma bakinsu cikin narkakkiyar dalma kafin ya ƙone su kama. Idan zaren biyu suka taɓa juna, wayar za ta ɗauka an danna maɓallin amsa kira, sai ta riƙa tsayar da naɗi ko buɗe abin da ba a nema ba.

Gurnanin da ke bin sauti kuwa iri biyu ne, kuma kunne yana iya bambanta su. Mai kauri wanda ba ya yankewa na wutar gida ne, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma yana shiga ne idan an yi amfani da wayar fitila ko ta lasifika maimakon waya mai sulke, wato wadda aka saƙa wa ragar jan ƙarfe a kewaye; ragar ce ake kaiwa nagatif. Ɗayan shi ne ƙarar nan mai tsinkewa da ake ji a lasifika gab da kira zai shigo, wadda ke fitowa daga yadda wayoyin GSM ke aika saƙo sau 217 a daƙiƙa, maganinta kuma shi ne 'yan kafasitoci biyu masu fikofarad 10 da 33 a liƙe tsakanin ɗigon biyu a bayan ƙwayar kanta, ba can ƙarshen waya ba. Wannan haɗi mai zare biyu yana jure mita 2 ko 3, amma daga mumbari zuwa ɗakin amfilifaya sai an sa ƙaramar da'ira, wato haɗin lantarki mai ƙara ƙarfi, kusa da ƙwayar, ko da da taransisto BC547 ko C945 ne da ake samu a tsohon rediyo. Idan kuwa mai magana yana jin ɗan fizga a leɓe idan ya taɓa makirufo, wannan ba laifin ƙwaya ba ne, alama ce cewa amfilifayar ba ta da haɗi da ƙasa, kuma wajibi ne a gyara ta kafin a ci gaba.

Akwai kuma miksocin da masu sauti na biki da gidajen rediyo ke amfani da su, masu rami mai ƙafa uku da maɓallin bolt 48. Wannan wuta an tanade ta ne domin manyan makirufo na situdiyo, kuma jona ƙwayar ilektiret a kanta kai tsaye yana iya kashe taransiston nan take. Dole ne a sa da'irar da za ta sauke wutar ƙasa da bolt 10 tukuna.

Yanzu bari in zo kan gyaran da matasanmu ke kwaikwayo daga bidiyon intanet, wanda ake dangantawa da Siegfried Linkwitz, injiniyan sauti Bajamushe da ya zauna a Amurka ya rasu a 2018, wanda ya yi shi a kan ƙwayar Panasonic domin auna lasifikoki. A yadda masana'anta ta haɗa ƙwayar, ƙafar taransiston da ake kira sos tana manne da gwangwani, sauti kuma yana fita ta ɗaya ƙafar, wato diren. Wannan tsari yana ƙara wa sautin ƙarfi, amma idan ƙarar ta yi yawa taransiston yana kasa bin ta daidai, sai sautin ya fashe tun daga cikin ƙwayar, ta yadda rage murya a rakoda ba zai gyara komai ba. Gyaran shi ne a sa reza mai kaifi a yanke siraran layukan da suka haɗa ɗigon nagatif da gwangwani, sai ƙwayar ta koma mai zare uku: diren ya tafi fozitif na batir kai tsaye, sos ya bi ta resisto zuwa nagatif, a ɗauki sauti daga sos ta kafasita, zare na uku kuma ya haɗa gwangwanin da nagatif. Da batir mai bolt 9, resisto mai kilo-om 10 yakan ajiye sos a tsakanin bolt 3 da 5, wanda ya ba sautin filin hawa da sauka. Wahalar tana wajen zare na uku, domin alminiyam ba ya karɓar dalma, sai dai a liƙa a guntun layin da ya saura a gefe, ko a naɗe jikin gwangwanin da waya tsirara a matse ta da kyau.

Ra'ayina a nan shi ne mafi yawan masu yin wannan gyara ba sa bukatarsa. Ƙwayar da aka yi wa shi tana jure ƙara mai tsanani, amma muryarta tana raguwa sosai, ba ta ƙara aiki kai tsaye a wayar hannu ko kyamara, kuma hucin da ke cikinta bai ragu ba. Wanda zai tsaya kusa da makaɗan kotso da taushi a ƙofar fada, ko gaban masu kakaki da algaita ranar hawan salla, ko cikin gangunan bikin kamun kifi na Argungu a bakin Matan Fada, shi ne gyaran zai amfana, domin a irin wannan wuri ƙwayar da ba a taɓa ba takan dishe. Wanda kuwa zai naɗi karatun malami a zaure ko hira da dattijo, idan ya yanke layin nan gyaran gangar Auzinawa ya yi. Ga mai son gwadawa, ya fara da ƙwayar da ya ciro daga bola, kada ya fara da wadda ya saya. Akwai masu wuce nan su fasa gwangwanin su cire taransiston su sa nasu a waje, to wannan yana bukatar resisto mai om biliyan 1 da tsabtar da ƙurar hunturu da raɓar damina ba sa bari, domin ɗan gumin yatsa a wurin ya isa ya cika sautin da tartsatsi.

Ba na cewa duk ƙwayoyi ɗaya suke ba. Panasonic WM-61A mai milimita 6, wadda ta yi suna a wajen masu haɗa makirufo da hannu, tazarar sautinta da hucinta desibel 62 ce a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kamfanin ya daina yin ta, don haka a yi hattara da masu tallanta a intanet. Primo EM172 ta Japan da PUI AOM-5024, masu faɗin kimanin milimita 10, suna kai desibel 80, kuma ana jin wannan bambanci sosai idan ana naɗar tsoho mai magana a hankali ko kukan tsuntsaye a fadama. A wurin hayaniya kuwa ba a jin sa. Ƙwayar da ke da ƙananan ramuka a bayanta an yi ta ne ta fi jin abin da ke gabanta, kuma toshe ramukan da gam yana ɓata wannan siffa. Sababbin wayoyin hannu kuma ba ilektiret ke cikinsu ba, wata 'yar murabba'i ce ta silikon da ake kira MEMS, wadda ba ta cancanci wahalar cirewa da ƙarfen dalma ba.

Gidan da za a saka ƙwayar yana iya zama bututun biro, amma guntun bututun eriyar talabijin ya fi, domin ƙarfe yana kare ta daga gurnani idan an haɗa shi da nagatif. Fuskarta ta daidaita da bakin bututun, kada ta nutse ciki, in ba haka ba muryar za ta fito da amon rami. A ƙulla wayar a ciki yadda ja ba zai kai ga ɗigon dalma ba, a rufe gaban da soso, a waje kuma a ƙara ƙyalle mai gashi saboda iska. Fiye da duk wannan, a kusanto da ita: taƙi ɗaya ƙasa da haɓar mai magana ya isa, domin duk lokacin da aka rage nisa da rabi, muryar tana ƙaruwa da desibel 6 alhali hayaniyar wurin tana nan yadda take. Tunda abu ne ƙarami mai sauƙin ɓoyewa, ya kamata masu koyar da shi su riƙa faɗa wa yara cewa naɗar maganar mutum a asirce ba sana'a ba ce. Addini ya hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya kare sirrin 'yan ƙasa da hirarrakinsu na tarho.

Roƙona ga sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke nan Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da makarantun koyon sana'a na jiha, shi ne su sa wannan haɗi cikin aikin hannu na farko da ɗalibi zai yi, domin da abubuwa huɗu kacal zai koyi aikin resisto, kafasita, taransisto da mita, ya kuma ji sakamakon da kunnensa. Idan da hali su buɗe ƙofa ga yaran shagunan gyaran waya da ba su yi boko mai zurfi ba. Ita kuma wannan jarida, ina roƙon ta ware ɗan fili na fasahar hannu da Hausa wanda za a riƙa buga zane a ciki, domin haɗin zare uku da na kwatanta da dogon bayani, zane ɗaya zai fi nuna wa mai koyo inda reza za ta bi.

Na gode da ba ni wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai gyaran rediyo da amfilifaya,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.